Uwar Leda

Abban Kurciya ne ya sa mini suna Uwar Leda, tun muna amarci. Ya dawo daga shagonsa na gyaran janareta ya tarar na yi wa rimot ɗin talabijin riga, na naɗe shi tsaf da farar leda na liƙe bakin da salatif. Ya juya shi a hannu, ya danna, sannan ya dube ni.

"Ni ma in na zauna shiru naɗe ni za ki yi ko?"

"Kai da ba ka zama wuri ɗaya," na ce.

Ban ji haushin sunan ba, don gaskiya ce. Katifarmu sai da ta shekara da ledarta. Duk takardar da ta shigo gidanmu, ta makaranta ce ko ta asibiti, ba ta daɗewa nake kai ta shagon masu hoto a zura ta cikin na'urar nan mai zafi, ta fito a rufe ruf cikin leda mai tauri, abin da suke cewa laminatin. Ruwa ba ya taɓa ta, gara ba ta ci, hannu mai maiƙo ba ya bar mata tabo. Bayan mun haifi Kurciya ma sai na ƙara da cewa a riƙa zagaye mini kusurwoyin da almakashi, kada tsinin ya yanke ta.

Shi kuwa mutumin nawa Allah ya yi shi da zubar da kaya. Hula, cajar waya, makullin shago, babu wanda bai ɓatar ba. Maganin da ya samo wa kansa shi ne komai biyu yake saye. "Ɗaya na ɓata, ɗaya nawa," in ji shi. Ni ina ganin almubazzaranci ne, shi yana ganin dabara, haka muka zauna lafiya.

Kamfanin injinan niƙa da nake wa aiki ne ya turo ni ƙasar waje koyon Sinanci, don in na koma in riƙa yi wa injiniyoyinsu tafinta. Na ce zan je, amma ƙafata ƙafar Kurciya. Lokacin ba ta cika shekara uku ba. Inna, mahaifiyar Abbanta, ta ce a bar mata ita, wane irin karatu ne da goyo. Shi ne ya tsaya mini.

"Inna, ki bar su su tafi. In aka raba su, karatun ba zai shiga ba, mu ma nan barci ba zai shiga ba."

Ɗaki ɗaya muka samu a can saman bene, da ɗan kicin da ba ya ɗaukar mutum biyu. Ranar da muka tare na ɗaure raga a taga, na manna soso a kusurwoyin tebur, na toshe ramukan wuta. Da safe nakan kai ta gidan renon yara da ke bayan makarantarmu, in bar ta da rigar sanyi biyu da gargaɗi goma, in tafi aji zuciyata na can. Ba a jima ba yarinyar da nake tsoron za ta yi ta kuka ta fara dawo mini da waƙoƙi. Tana yi wa mai gadi surutu, tana gaida tsofaffin da ke zama a bakin bene, ni ina biye da ita da murmushi kamar baƙuwarta.

Ni kuwa a aji rubutuna babu na biyu. Malama takan ɗaga littafina ta nuna wa 'yan aji yadda kowane harafi ya zauna daram a tsakiyar gidansa, wato ɗan akwatin da aka zana masa a shafi. Amma in ta jefo mini tambaya sai in yi tsit. Ba rashin sani ba ne. Jimlar nake ginawa a kaina, in duba ta gaba da baya, in goge, in sake, kafin in buɗe baki an wuce wurin.

"Ke ba kya yin kuskure," ta ce mini wata rana, "saboda ba kya cewa komai."

Da shekara ta zo ƙarewa makaranta ta ce sai na ƙara wata shekarar kafin in kai matakin tafinta, kamfani kuma ya amince. Abin da ya rage shi ne a tsawaita mana biza, tawa ta ɗaliba, ta Kurciya ta 'yar da ke tare da uwarta. Na haɗa duk abin da aka ce a kawo, kowace takarda a gidanta. Na haddace jimlolin da zan faɗa a ofishin shige da fice, ina maimaita su ina wanke-wanke har Kurciya ta iya su. Na tafi da wuri, kafin wa'adin da ke cikin fasfo ya matso, don ni ba na son abin gaggawa.

Babban zaure ne mai kujerun ƙarfe a jere, da allo mai nuna lambar wanda za a kira. Tagar da muka samu wata mata ce a ciki, mai furfura kaɗan a gefen kai, tabaraunta rataye da siririyar sarƙa. Na gaishe ta da jimlar farko, ta fita lafiya. Ta duba fasfona da takardar makaranta da ta masauki, tana ajiyewa gefe tana gyaɗa kai. Sai ta zo kan takardar haihuwar Kurciya, wadda ita ce shaidar cewa ni na haife ta.

Ta ɗaga ta. Ta juya bayanta. Ta ƙwanƙwasa ta a kan kantar da ke gabanta, ta yi ƙara kamar faranti. Ta sa babban yatsa ta murza wurin hatimi, yatsan ya zame a kan santsi.

Ta yi magana da sauri, ban kama ba. A cikin jimlolin da na haddace babu wadda ta dace da wannan fuskar. Da ta ga na yi zuru sai ta sassauta, tana yi tana nunawa da hannu. Hatimin mai tudu ne, dole ta ji shi a yatsa. Bayan takardar kuma nan za ta buga nasu tambarin, tawada ba ta zama a kan leda. Tawa za ta karɓa. Ta yarinya kuwa sai na kawo takarda tsirara, kafin ranar da ke cikin fasfonta. In ranar ta wuce, yarinya sai ta fita daga ƙasar.

Duk wannan Kurciya na tsaye a kan ƙafafuna ta kama bakin kantar tana leƙe. Ta tambayi matar, da Sinancinta mai daɗi, me ya sa ta ɗaure tabarau da igiya, ko guduwa yake yi.

"Guduwa yake yi," matar ta ce, ta ɗan murmusa. Sannan ta turo mini takardata ta ƙasan gilashi.

A tsallaken titi akwai shagon hoto da kwafi. Na shiga na nuna wa mai shagon, na yi masa alamar ɓarewa da hannu. Ya janyo wata tsohuwar takarda mai leda daga kwandon shara, ya sa reza a gefe ya ɗaga a hankali. Ledar ta taso da rubutun gaba ɗaya manne a jikinta, takardar ta rage fara fat, a yayyage. Ya nuna mini, ya ɗaga kafaɗa. Garin neman gira na rasa ido.

Hanya ɗaya ta rage, a fitar da wata a gida a kawo. A benenmu akwai wata 'yar kasuwa da ke sauka a ɗakin ƙasa duk lokacin da ta zo sarin jakunkunan mata, muna ce mata Anti mai jakunkuna. Babbar mace ce mai baki, ita ta nuna mini kasuwa da asibiti farkon zuwanmu. A lokacin tana gida, kuma tana shirin tahowa. In takarda ta samu, ita za ta riƙo mini.

Na kira Abban Kurciya ta bidiyo. Yana shago, da baƙin mai a goshi, ya jingina wayar da wani inji.

"Uwar Leda, ya aka yi? An buga?"

"Tawa sun karɓa. Ta Kurciya sun ce sabuwar takardar haihuwa suke so."

"Sabuwa? Me tsohuwar ta yi?"

Na dubi fuskarsa. Na hango dariyar da zai yi, wadda zai riƙa tayarwa duk lokacin da aka yi baƙi har mu tsufa. "Ka san halin ofis," na ce. "Wadda aka fitar kwanan nan suke so."

Bai ja ba. Ya ce gobe da safe zai je. Ashe Inna na zaune a bencin ƙofar shago ta kawo masa abinci, sai ga muryarta.

"Ni dai a dawo mini da kishiyata. Da ma na faɗa."

Ya ɗauki wayar ya matsa ciki, ya rage murya. "Kin ji, zan yi iya yina. Amma in abin bai yiwu ba, Anti ta taho da ita in za ta dawo. Ba daji za ta zo ba. Ke ki ƙarasa karatunki."

Na san gaskiya ya faɗa. Inna ko ƙuda ba za ta bari ya sauka a kanta ba. Amma Kurciya ba ta barci sai ta kama kunnena na hagu tana murzawa, in kuma ta farka ta laluba ba ta ji shi ba, ba kuka take yi ba, zama take yi shiru tana kallon bango. Wannan zaman shirun ne ba na son ta yi a inda ba na gani.

Sai na shiga ba shi umarni. Kada ya ninke ta. Kada ya sa a aljihu. Kada ya taɓa da hannun aiki. Ya samo kwali biyu ya sa ta a tsakiya.

"To, ranki ya daɗe. Sai me?"

"Ka kula da ita kamar yadda ni zan kula da ita."

"An gama," ya ce.

Kwanakin jiran nan ban ji daɗinsu ba. Na sayo 'yar tsana mai manyan kunnuwa na gwada sa mata a hannu lokacin kwanciya, ko za ta saba. Ta karɓa, ta yi mata godiya, ta kwantar da ita a gefe ta lulluɓe ta, sannan ta miƙo hannu ta kama kunnena. A aji kuma rubutun nawa ya fara fita daga gidajensa. Malama ta tsayar da ni bayan an tashi ta tambaye ni lafiya. Ban shirya komai ba, kawai na ji bakina ya buɗe. Na ce mata takarda, leda, yarinya, jirgi, ba na so. Na haɗa mata su yadda suka zo, wasu a gaba wasu a baya. Ta saurara har na gama.

"Na gane duka," ta ce. "In kika koma, haka za ki yi musu magana."

Anti ta iso da yamma, ana saura kwanaki kaɗan wa'adin ya cika. Tun daga ƙasan bene muke jin muryarta tana faɗa da mai tasi da Sinancinta na kasuwa, wanda bai wuce farashi da zagi ba. Ta hawo tana haki, ta zube a kan gado, Kurciya ta haye cinyarta.

"'Yata, mijinki ya ɗora mini kaya kamar jaka. Ga shi nan. Ya ce in riƙe ambulan ɗin a hannu, kada in sa a akwati, kada in zauna a kai. Har bayi da shi na shiga a jirgi."

A cikin ƙullin akwai man shafawa daga Inna, da jajayen takalma na Kurciya ƙafa biyu iri ɗaya, da rigar sanyinsa mai kauri, wadda na taɓa ce masa ina ma da na taho da ita. Na ajiye su gefe. Ambulan ɗin an liƙe shi da salatif ta ko'ina, sai da na sa wuƙa. Na zare kwalin sama.

Tana ta ƙyalli. Sabuwa dal, a miƙe, a rufe ruf cikin leda mai tauri. Har kusurwoyin an zagaye su da almakashi.

Anti ta karɓa ta juya, ta dube ni, don ita na gaya mata komai a waya.

"Ba ki faɗa masa ba?"

Na girgiza kai.

"Kai, 'ya'yan zamani. Kira shi."

Ya ɗauka da fara'a, ko hula bai sa ba. "Ta iso? Kin ga aiki? Mai shagon ya ce ba ya zagaye gefe, na ce matata ba ta karɓar mai tsini. Tsayawa na yi a kansa."

"Abban Kurciya."

"Na'am."

"Ledar ce ba sa so. Saboda ita suka ƙi ta farkon."

Na jira dariyar, ba ta zo ba. Ya janyo kujera ya zauna, ya shafa kansa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kada ka yi mini dariya."

"Da na yi, ai da an wuce wurin." Ya ƙirga kwanakin da yatsu. "Yanzu ko na koma gobe, wa zai kawo? Babu mai tahowa kafin ranar."

Anti ta leƙo cikin wayar. "Ɗana, ku biyun nan Allah ne ya haɗa ku. Ita ta rufe baki, kai ka rufe takarda."

Babu wanda ya yi dariya. Na fara lissafa abin da zan sa wa Kurciya a jaka, wace riga, wane magani, yadda zan yi wa Inna bayanin kunne. Sai ga ta ta fito daga bayan gado tana tafiya da ƙafa huɗu, takalmi ja a ƙafafu, takalmi ja a hannuwa, tana kukan akuya. Na bi ta da kallo. Ƙafa biyu, iri ɗaya, lamba ɗaya.

"Abban Kurciya, guda nawa ka karɓo?"

"Me?"

"Takardar."

"Biyu mana. Na ce su buga mini biyu, ko da..." Ya tsaya.

"Ina ɗayar?"

"Bari in tuna."

Wannan kalmar na fi tsana a bakinsa duk zamanmu, ranar kuwa kamar ya ba ni ruwan sanyi. Ya ɗauki wayar ya shiga bincike, mu muna kallon rufin shago da ƙasan tebur suna juyawa. Ya janyo durowa, ƙusoshi suka zube. Ya ɗaga littafin rasit, ya leƙa cikin akwatin sifana, ya buɗe ƙarƙashin kujerar babur. Yana yi yana magana da kansa.

"Na fito daga ofishin. Mai kyan na sa a kwali, kamar yadda aka umarce ni. Sai aka kira ni injin wani asibiti ya tsaya. Na biya na duba. Ana yayyafi ranar, don na tuna kwalin a cikin riga na sa shi. Ɗayar kuma na..."

"Wace riga?" in ji Anti.

Ya daina motsi. A hankali ya juyo da wayar saitin fuskarsa.

"Uwar Leda, rigar sanyin nan da na aiko miki."

Tana kan gado, inda na jefar da ita. Na ɗauko, warin man inji da sabulunsa suka buge ni. Aljihun dama babu komai. Na hagu akwai wani ƙaramin noti da makulli ɗaya a zare. A aljihun ciki na ji motsin takarda.

An ninke ta gida huɗu. Gefe ɗaya ya ɗan jiƙa ya bushe ya yi kumburi. A kusurwar ƙasa ga shatin babban yatsansa na baƙin mai, ɓaro-ɓaro, har zanen fatar ana gani. Duk abin da na ce kada a yi mata an yi mata. Na rufe ido na sa yatsa a kan hatimin, na ji tudunsa, zagaye, da ƙananan haruffa kamar ƙwayar gero.

"Tana nan," na ce.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya sauke numfashi. "Kin ga amfanin almubazzaranci."

Da muka ajiye waya na jona dutsen guga. Niyyata in ɗora ƙyalle a kai in ɗan bi layin ninkin, in kuma gwada goge man da auduga. Anti ta miƙa ƙafa ta fizge wayar dutsen daga bango.

"Ke ba kya daddara? Zafi ya kwantar da hatimin ki ce me? Ki bar ta yadda Allah ya kawo ta."

"Anti, dubi dattin."

"Dattin ubanta ne. Ajiye."

Na ajiye ta a kan tebur, ban ɗora mata komai ba. Hannuna har ƙaiƙayi yake.

Washegari muka koma, ina sanye da rigar tasa, hannuwan sun rufe mini yatsu. Allah ya sa tagar matar nan muka sake samu. Kurciya ta gaida tabarau kafin ta gaida mai shi. Na tura takardar ta ƙasan gilashi a ninke, don na ga in na buɗe ta ma ba ta zama.

Ta warware ta a hankali, ta danne gefunan da tafin hannu. Ta murza hatimin, ta sake murzawa. Ta ɗaga ta saitin fitila. Sannan ta sa bakin biro a kan shatin yatsan.

"Wannan fa?"

Na nemi jimla a kaina, babu. Sai na tuna Malama.

"Mijina ne," na ce. "Yana gyaran inji. Hannunsa kullum baƙi. Ni na ce kada ya taɓa. Ya karɓo biyu. Mai tsabta ya sa mata leda, saboda ni ina son leda. Wannan ya manta da ita a aljihu." Na ciro mai ƙyallin daga jaka na nuna mata, na kuma ciro ta farkon, na jera su a kan kantar. "Laifina ne. Yarinyar ba ta barci sai da kunnena."

Ban san me ya kai ni faɗin na ƙarshen ba. Na tabbata kalmomin sun fita a karkace, wasu ma ba a wurinsu ba. Matar ta dubi takardun biyu masu sheƙi, ta dubi mai dattin, ta dube ni cikin rigar da ta yi mini yawa. Ta ce in jira, ta tashi da takardar ta shiga wata ƙofa a bayanta.

Jiran ya yi tsawo. Kurciya ta zame hannunta daga nawa ta nufi wani yaro da ke tura motar wasa a ƙarƙashin kujeru, ta durƙusa a kan tayil ɗin da kowa ke takawa. Na buɗe baki zan kira ta, sai na fasa. In tafiya za ta yi, gara ta tafi ta yi wasanta. In zama ne, akwai sabulu a gida.

Ƙofar ta buɗe. Matar ta zauna, ta mayar da tabarau, ba ta dube ni ba. Ta kife takardar, ta janyo tambari ta danna a tawada, ta buga a bayanta. Ƙarar ba ta da yawa, amma har cikin ƙafafuna na ji ta. Ta haɗa fasfon Kurciya da nawa ta ɗaure da roba, ta turo mini 'yar takardar shaida, ta nuna ranar da zan dawo karɓa. Na yi godiya na juya, sai ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Wannan ma kada ki rufe ta."

"Ba zan rufe ba," na ce.

A waje ana yayyafi. Mai shagon hoto na tsaye a ƙofarsa, ya ɗaga mini hannu da alamar tambaya, na gyaɗa masa kai. Na ninke takardar shaidar biyu na zura a aljihun ciki, na ja zif. Muka fake a rumfar jiran mota na kira Abbanta.

"An buga," na ce.

Ya yi hamdala, ya maimaita, ya kira Inna ya gaya mata. Na ji tana cewa to Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma a gaya wa kishiyarta ta ci bashi. Sannan ya dawo kan wayar, ya dube ni, leɓensa na rawa.

"Yanzu an yarda in yi?"

"Yi abinka."

Ya yi ta, har da riƙe ciki, har ya fita daga hoton ya dawo. Kurciya ba ta san dalili ba ta kama ita ma. Na bar su suka gama. A lokacin ne na lura ba a cikin shago yake ba, a bencin waje yake zaune, ƙofar a rufe a bayansa.

"Me ya sa ba ka buɗe ba, rana ta yi haka?"

Ya sosa ƙeya. "Wato, makullin ne. Tun jiya da na gama birkita shagon ban san inda na sa shi ba."

"Ina na biyun?"

"Shi ne nake so in tambaye ki. Ba ki ga wani a zare ba, a aljihun hagu?"

Na sa hannu na ciro shi, na ɗaga masa yana lilo.

"To," ya ce. "Yau sai a fasa kwaɗo."

Da Anti ta gama sarinta za ta koma, muka raka ta har bakin tasi, Kurciya na riƙe da yatsana tana ɗaga mata ɗayan hannun. Na miƙa mata saƙon Abbanta. Ta juya shi a tafin hannu, ta matsa, ta kai shi saitin ido.

"Mene ne wannan kuma?"

"Makullinsa ne, Anti."

"Shi ne kika naɗe shi a leda har da salatif?"

"Kada ya yi tsatsa a hanya," na ce.